Shekarar da Aka Ce Babanku Ya Sake Ni a Talabijin

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, wannan babin kuwa saboda ke na zauna yin sa, Hadiza. Ranar sunan jikata na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawayenki wai babanku ya taɓa sakina a talabijin, wai daga nan ne kakanku ya hana ni wasan kwaikwayo saboda tsananinsa. Na yi shiru ne don ba na son ƙaryata ki a gaban baƙi. Amma duka biyun ba haka aka yi ba, kuma mutanen nan biyu sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu sai nawa.

A lokacin muna zaune a Ƙofar Jatau, ina koyarwa a makarantar firamare, ku biyu ne kaɗai a duniya, sauran ba a ma san da zuwansu ba. Babanku akawu ne a ofis, mutum mai sanyin magana, in ba ka san shi ba sai ka ce ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Amma da an ba shi takardar wasa sai ya zama wani mutum dabam. Shi ya sa Malam Isiyaku ya riƙe shi hannu biyu. Malam Isiyaku shi ne mai shirya wani shirin talabijin da ake nunawa duk Asabar bayan la'asar, kuma ina gaya muku, har yau da tashoshi suka yi yawa kamar jamfa a Jos ban ga kamarsa ba. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, ba ya dariya sai abin ya kai. Shirin nasa kashi uku ne. A na farko yakan ɗauko batun da ke damun jama'a a makon, ya zaunar da babban ma'aikacin ruwa kusa da ɗan ga-ruwa a kan tabarma ɗaya, ya yi tambaya guda, sannan ya yi shiru. Wannan shirun nasa ya fi bulala, sai ka ga babban mutum yana gyara zaman babbar riga ba gaira ba dalili. A na biyu yakan shiga wurin masu sana'a, dukawa da marina da magina da masu ɗinkin aska takwas, ya sa a kafa kamara a kan hannuwansu har sai ka ji kunyar yadda kake wuce su kullum ba ka duba ba. Na ukun shi ne wasan kwaikwayo, wanda yake ɗaukowa daga littattafan labari na Hausa. A layinmu talabijin biyu ce kacal, ɗaya a gidanmu, don haka ranar Asabar ko tsakar gidan biki ba ta kai namu cika ba.

Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da mace 'yar cikin ganuwa. Babu gidan da zai ba da 'yarsa ta tsaya a gaban duniya ana kiran wani ƙato mijinta. Wata rana suna gwaji da babanku a zaurenmu, Malam Isiyaku yana karanta maganar matar da kansa, ni kuma ina tankaɗe a tsakar gida. Na ji ya sa ta ce wa mijinta, "Ba zan yarda ba." Bakina da ba ya ajiye magana ya ɗaga murya ya ce matar birni ba ta faɗin haka, cewa za ta yi, "To, Allah ya kai mu," kuma mijin ya san an ƙi. Can sai na ji Malam Isiyaku ya ce da babanku, "Wace ce wannan?" Daga nan ya fara sintiri zuwa Kusfa wurin mahaifina, wanda kuke kira Kaka Malam. Sau uku yana zuwa, yana zama cikin ɗalibai har a tashi karatu. A na ukun ne Baba ya rufe littafi ya ce:

"Sharaɗina ɗaya ne. Duk wanda za a kira mijin Uwani a cikin akwatin nan, to ya zama shi ne mijinta a waje."

Uwani yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci. Ina jin Baba ya ɗauka ya toshe ƙofa ne da wannan sharaɗi, bai san taga ya buɗe ba. Malam Isiyaku har da tafawa. Ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, miji na gaske da mata ta gaske, kuma tunda haka ne ba sai an je an kafa bangon katako a gidan talabijin ba, a gidanmu za a ɗauka, da ɗakina, da jerena, da zaurenmu. Kowa ya yaba da wannan dabara, har da ni. Babu wanda ya hango inda za ta kai mu.

Labarin kuwa wani malamin makarantar ƙauye ne ya rubuta shi da hannu, kwafi ɗaya tak, yana cikin jakar Malam Isiyaku. Al'adarsa kuwa ba ya ba 'yan wasa labari gaba ɗaya. Takardar mako ɗaya yake ba ka, sai ka gama ka ga ta gaba. Yakan ce wanda ya san ranar mutuwarsa ba ya iya dariya yadda ya kamata. Ni ce Asabe, mai ɗinkin hula da ta ƙwallafa rai sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Babanku shi ne Mudi, tela, mai son matarsa amma mai tsoron bakin danginsa. Mako takwas muka yi ana nunawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so abin nan kamar raina. Malam Isiyaku ya koya mini abin da ban taɓa sani ba, cewa ana iya magana da yadda aka ajiye kwano. In na ɗaga murya sai ya ce, "Malama, kada ki yi mini wasa, ki yi mini gaskiya." Mata suka fara tare ni a hanya suna cewa, "Asabe, kada ki bari su hana ki." Wasu ma sun shiga ajin da gaske. Burina duka ya koma in ga na kai Asabe ƙarshen labarinta.

Ranar da aka raba takardun mako na tara muna zaune a zaure da hantsi. Na ga babanku ya karanta tasa, ya sake karantawa, sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Malam Isiyaku ya ce a fara, ya ce ba zai fara ba. Na leƙa tawa takardar, sai na ga dalili. A wannan makon ne Mudi zai tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya dubi Asabe, ya furta mata saki.

"Haba Malam, ai wasa ne," in ji Malam Isiyaku. "Mudi ne ke magana da Asabe."

"Mudi ne a takarda," babanku ya ce. "Amma bakina ne, matata ce, ƙofar ɗakinta ce."

Kun san duk wanda ya tashi a birni ya tashi da sanin aure da saki da mayar da aure ba a wasa da su. Malam Isiyaku ma ya sani, amma idonsa na kan labari, ko sau ɗaya bai haɗa sharaɗin Baba da wannan shafi ba. Ya cire hula ya share gumi, ya ce wallahi laifinsa ne. Sai dai labarin ba ya gyaruwa, domin duk abin da ya biyo baya a kan sakin nan yake tsaye. In babu shi, babu sauran wasa. Sa wani ya maye gurbin babanku kuwa ya saɓa wa sharaɗin Baba. Aka ce to a tafi Kusfa a ji ta bakin masu ilimi. Ni a raina na riga na yi sallama da Asabe, domin na san Baba bai taɓa son abin nan ba, ga shi an kawo masa wuƙa da nama.

Baba ya saurare su har suka gama. Ni ina daga bayan ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, Inna na kusa da ni tana gyaran shinkafa. Sannan ya ce:

"Malamin da ke karantar da babin saki, matarsa na zaune cikin masu ɗaukar karatu, in ya karanta lafazin ba a cewa ya sake ta. Mai ba da labarin maganar wani ba shi ne mai maganar ba. Akwai malaman da suka tsananta, ban raina su ba, amma abin da ya fi ƙarfi a wurina ke nan. Saki ba zai auku ba."

Ya ƙara da cewa:

"Na fi kowa son Uwani ta bar wannan abu. Da zan karkatar da littafi don son raina, da yau ce ranar. Amma ba zan yi ba."

Na sha ganin ana girmama Baba, amma ranar nan ce na san dalili. Hawaye suka zo mini, na murna da na kunya, don na yi masa mummunan zato. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta dai ɗaga murya yadda za a ji a zaure:

"Malam, kai ka san littafi, ni kuma na san matan Kusfa."

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Babanku ya gyara durƙuso ya ce:

"Allah gafarta Malam, na ji, na kuma gode. Amma shekara bakwai ke nan da aurenmu ban taɓa haɗa kalmomin nan a bakina ba, ko cikin fushi. Harshe in ya koyi hanya ba ya mantawa. Ba zan koya masa wannan saboda wasa ba."

Yanzu da nake rubutawa ina jin nauyin maganar nan har cikin ƙirjina. Amma a lokacin ban ga ƙauna a cikinta ba, taurin kai na gani. Da muka koma gida na ce masa malamin da ya fi shi sani ya halatta, shi wane ne da zai haramta? Na ce ya samu nasa sunan shekara da shekaru, ni da na samu nawa na mako takwas shi ne zai tsinke mini. Kwana uku ina ajiye masa tuwo ba tare da na ce ga shi ba, shi kuma yana cinyewa yana cewa an gode, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

Ran na huɗu Malam Isiyaku ya dawo, ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce ya samo hanya. Mudi ba zai furta komai ba, ba zai rubuta komai ba, ba zai ma miƙa komai ba. Zai zauna a zaure a kan keken ɗinkinsa, ya juya wa kamara baya. Wansa na cikin wasa ne zai shigo ya ajiye wa Asabe takarda a ninke, takardar kuwa fara ce fat. Babanku ya yarda, amma ya ce shi zai sayo takardar. Ranar ɗauka sai da ya ɗaga ta a rana, ya duba gaba ya duba baya, ya sake dubawa, ya kira mai kamara ya ce ya zama shaida babu ko ɗigon tawada. Kowa na dariya ban da shi.

Abin da Malam Isiyaku ya yi da wannan farar takarda shi ne abin da ya sa har gobe nake cewa mutumin nan gwani ne. Ya hana a sa kiɗa. Ya hana ni kuka. Kamara ta tsaya a kan hannuna ina buɗe takardar, Asabe da ba ta iya karatu ba tana juya ta sama da ƙasa, ta san me ke ciki ba tare da ta karanta ba. Sai ta koma kan jerena, kwanukan da Inna ta yi mini na aure, sannan ni ina ɗaure 'yan kayana a zane. Babu abin da ake ji sai ƙarar keken ɗinki daga zaure. An gaya wa babanku ya ci gaba da taka keken har in fice, don a nuna Mudi ya taurare. Amma da na zo wucewa ta bayansa da ƙunshi a ka, sai keken ya tsaya. Bai juyo ba, bai kuma iya ci gaba ba. Mai kamara ya dubi Malam Isiyaku yana jiran ya ce a sake, shi kuwa ya ɗaga masa hannu alamar ya bari. Haka aka nuna shi.

Ranar Asabar ɗin nan tsakar gidanmu ba mai tari. Da aka gama, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakina, ta ce, "To yanzu ke a ina za ki kwana?" Muka yi dariya. Washegari dariya ta ƙare, domin tun da hantsi mata suka fara sallama a Kusfa, sun zo yi wa Inna jaje. Sun ga gidan, sun ga jeren, sun san mijin, sun san matar, me ya rage? In Inna ta ce wasa ne sai su ce, "Allah sarki, ai dole ki ce haka." Waɗanda suka yarda wasa ne kuma suka ce ko wasa ne saki saki ne, zaman da muke yi sai a bincika. Baba ya yi bayani a zaure har ya gaji, amma bayanin zaure ba ya shiga ɗakunan mata. Inna ta daina zuwa biki da suna, maganarta ta tabbata, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na faɗa ba. Abin da ya ƙara dagula lissafi, a sauran makonni ukun da aka ɗauka a wani gida a Tudun Jukun, Asabe ba ta koma wa Mudi ba. Ta koyi karatu, ta buɗe nata ajin a gidan ubanta, labari ya ƙare. Na kai ta inda nake so in kai ta, kuma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki, wata Juma'a da la'asar, na je gaida su Inna. Babanku na zaure, don duk Juma'a yakan ɗauki karatu wurin Baba. Sai ga dattawa uku daga wani gari can hanyar Funtuwa, da ƙunshin goro. Babanku ne ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo musu ruwa. Bayan gaisuwa babbansu ya ce wani Alhaji ne ya aiko su, mutumin kirki mai son ilimi, ya ga 'yar Malam a talabijin, ya ga abin da aka yi mata, ya yi haƙuri har idda ta cika, shi ne yake neman iri. Ni da Inna muna jin komai. Inna ta dafe ƙirji, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Baba ya bar su suka kai aya, sannan ya ce:

"Mun gode da karamci. Amma wannan da ya kawo muku ruwa shi ne mijinta. Jiya mijinta ne, yau ma haka."

"To amma Malam, da idonmu muka ga takarda."

"Kun ga rubutu?"

Baba ya yi musu bayani a hankali, ba tare da ya kunyata su ba, har suka fahimta suka shiga ba da haƙuri. Da za su tashi sai babban nasu ya ƙura wa babanku ido, ya gane shi, ya ce:

"Yaro, ko da wasa ne, mace irin wannan ba a bari ta fita da ƙunshi a ka duniya na kallo."

Babanku, wanda ya ƙi furta kalma ɗaya, wanda na yi kwana uku ina gaba da shi saboda ya ƙi, bai kare kansa ba. Cewa ya yi, "Gaskiya ne, Baba." Ya juya musu takalmansu, ya ɗauki goronsu ya raka su har mota.

A hanyarmu ta komawa Ƙofar Jatau ina jiran ya yi faɗa, ko ya ce kin ga abin da kika jawo. Mun kusa gida sai ya ce Malam Isiyaku ya samu sabon littafi, kuma ni yake so in ja wasan.

"Na ce masa ta wajena babu matsala," ya ce. "Kin fi ni iyawa, Malama. Ni na sani, shi ma ya sani."

Na dube shi, na ga da gaske yake, kuma na ga idonsa ya yi ja tun daga zauren Baba bai washe ba. A nan kan hanya na yanke shawarar barin wasa, ba Baba, ba Inna, ba kowa. Da na gaya wa Malam Isiyaku bai roƙe ni ba. Ya ce asara ce babba, amma ba zai ce ba ni da gaskiya ba. Asarar kuwa na ji ta. Shekaru na yi duk Asabar ina zaune gaban akwatin nan ina gyara wa wata maganarta a zuci, wani lokaci in tashi in shiga madafa don kada a ga fuskata. Babanku kuwa cewa na yi masa aikin makaranta ne ya yi mini yawa. Ya dube ni ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Shi ya ci gaba da wasa shekaru masu yawa bayan nan. Ya fito a maigadi, ya fito a alƙali, ya fito a direban tasha, har mahaukaci ya yi, alhali kowa ya san shi ya fi cancanta ya ja wasa. Ku tambayi duk wanda ya san shirin nan, bai ƙara fitowa a mijin kowa ba. Ban roƙe shi ba, shi kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga mini maganar ba.